Na kai Baba gidan kula da tsofaffi, na tarar da shatin ɗauri a hannunsa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana. A Agege aka haife ni. Mahaifinmu tsohon ɗan kasuwar goro ne, tun yana saurayi ya zo Legas, yanzu shekarunsa 78. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ba ta fita sosai. Mahaifiyarmu ta rasu. Mu uku ne: Yaya yana Kaduna da iyalinsa, ƙanwata tana aure a Kwatano, sai ni. Ƙarfe 5 na asuba nake fita aiki, ba na dawowa sai bayan isha'i, kuma ɗaki da falo muke haya ni da maigidana da yara uku. Sau biyu ina ɗaukar mai jinya suna guduwa. Da abin ya fi ƙarfina, muka kai shi wani gidan kula da tsofaffi mai zaman kansa, muna biyan naira dubu 280 duk wata. Dangi a Arewa mun ce musu yana asibiti.

Ranar Lahadi kaɗai suke barin ziyara. Duk zuwan da na yi a wata bakwai ɗin nan, a kan keke nake samunsa, an sa masa doguwar riga, yana gyangyaɗi. Larabar da ta wuce na samu hutu na je babu sanarwa. Anti, na tarar da Baba kwance cikin fitsari, da shatin ɗauri a wuyan hannunsa mai lafiyar, da gyambo a ƙugunsa kamar bakin kofin shayi, yana wari. Rediyonsa da carbinsa babu. Ya riƙe hannuna yana hawaye. Manajar ta ce tsufa ne, ɗaurin kuma don kada ya cire robar fitsari ne. Ta ce na sa hannu a takardar da ta wanke su daga duk abin da ya same shi, kuma ba za su sake shi ba sai na biya kuɗin wata biyu na notis, in na yi hayaniya za ta kira mini 'yan sanda. Yaya ya ce a biya, a ɗauko shi shiru, a bar wa Allah, kada a ji a gari mun kai ubanmu gidan gajiyayyu. Ni ba na iya barci. Akwai abin da doka za ta yi mana, ko ni ce mai laifin tun farko?

'Yar'uwarki daga Agege.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Ajiye maganar kotu da maganar laifi tukuna, za mu zo kansu. Daga Laraba zuwa yau kwana nawa? Kowane dare a cikinsu Baba a kan gyambon nan ya kwana. Gobe in Allah ya kai mu, ki ɗauko shi, kuma kada ki zarce da shi gida. Asibiti za ki nufa da shi, babban asibitin gwamnati, ko asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, ko na LUTH a Idi-Araba, duk wanda ya fi miki sauƙin kaiwa.

Gyambon kwanciya ba ƙurji ba ne da za a shafa wa man kaɗanya. Idan mutum ya daɗe kwance a gefe ɗaya, nauyin jikinsa yana danne jijiyoyin jini a inda ƙashi ya kusanci fata, wato ƙugu, da ƙashin gindi, da dunduniya, da kafaɗa. Jini ya daina kaiwa wurin, nama ya fara mutuwa. Cikin 'yan sa'o'i abin yake farawa, shi ya sa masu jinya suke juya majinyaci kamar duk bayan awa biyu, dare da rana. Fitsari da bahaya in suka zauna a jikin fata suna hanzarta shi, rashin abinci mai gina jiki yana hana shi warkewa. Abin da ido yake gani a sama sau da yawa ƙarami ne a kan ramin da ke ƙasa. Warin da kika ji alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma daga nan suna iya kaiwa ga ƙashi ko su shiga jini. Tsofaffi da yawa wannan ne yake zama ajalinsu, a ce tsufa ne.

Zan yi wa manajar adalci a abu ɗaya: ko a hannun masu kula na ƙwarai, mai shanyewar jiki yana iya samun gyambo. Amma gidan ƙwarai, ranar da fata ta fara ja za su kira ki a waya, su kira likita, su rubuta. Gyambon da ya kai bakin kofi, ya yi wari, aka lulluɓe shi da doguwar riga duk Lahadi, wannan an gan shi an ɓoye. Haka ɗauri. Akwai lokacin da likita yake ba da umarnin a tsare hannun majinyaci na ɗan lokaci, da abu mai laushi, ana dubawa akai-akai, an sanar da iyali, an rubuta a fayil. Ɗaurin da ya bar shati a fata ba wannan ba ne. Gyangyaɗin kowace Lahadi ma ki faɗa wa likita, ki nemi a ba ki jerin magungunan da ake ba shi, domin akwai gidajen da ke ɗura wa tsofaffi maganin barci don ma'aikata su huta. Amma kada ki tsayar masa da wani magani da kanki, irin waɗannan ba a yanke su lokaci guda.

Kafin a wanke gyambon a rufe shi, ki ɗauki hoto. Na san zuciya ba ta so, ubanki ne, kuma wuri ne na sutura. Ki bar maigidanki ya ɗauka, a rufe abin da ya kamata a rufe, a ajiye tsabar kuɗi ko murfin biro kusa da ciwon don a gane girmansa. A ɗauki wuyan hannun, da gadon, da zanen gadon. Kada ki goge komai daga wayar, kada ki gyara hoton, kada ki sayar da wayar, domin dokar shaida ta 2011 ta yarda da hoto da saƙon waya a kotu amma za a tambayi daga wace na'ura suka fito. A asibiti ki ce wa likita a fili kina son rahoto a rubuce: girman gyambon da zurfinsa, nauyin Baba, alamar ƙarancin ruwa a jiki, shatin hannun. Ki haɗa rasit ɗin biya, da saƙonnin banki, da hirarki da manajar a WhatsApp, da kwafin takardar da kika sa wa hannu. A daren nan ki zauna ki rubuta abin da kika gani ranar Laraba, da lokaci, da wanda ya faɗi me. Bayan wata shida za ki yi mamakin abin da ya zube daga kanki.

Akwai dalilin da ya sa na matsa a kan rahoton likita tun yanzu, kuma ki yi haƙuri da faɗarsa. Rai a hannun Allah yake. Legas tana da dokar binciken musabbabin mutuwa ta 2007, wadda ke ba da damar a bincika mutuwar da ake zargi, har da duba gawa. Mu kuwa mamacinmu ba ya kwana, kuma da wuya ki samu gidan Bahaushe da zai yarda a taɓa gawar uba. Saboda haka hujjar da za ku iya riƙewa ita ce wadda aka rubuta yana raye.

Batun ba za su sake shi ba sai kin biya: barazana ce kawai. Mutum ba jingina ba ne. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin walwala, kuma tsare mutum saboda bashi ba ya cikin dalilan da ya halatta. In suna ganin suna bin ki kuɗin notis, kotu tana nan, su je su nema. Riƙe Baba a kan haka wani laifi ne sabo a kan na baya. 'Yan sandan da take tsorata ki da su, dokarsu ta 2020 ta hana su kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ke ce ma za ki riga ta zuwa wurinsu. Ki shigar da ƙorafi a rubuce a ofishin 'yan sanda na yankin, ki nemi a haɗa ki da jami'i. Kada ki je gidan ke kaɗai. Ki tafi da maigidanki da dattijo ɗaya ko biyu masu natsuwa, da mota a shirye. Ba zagi, ba ɗaga murya, ba taɓa kowa, domin abin da take jira ke nan ta juya maganar. In aka tare ƙofa, lambar gaggawa ta 112 da 767 suna aiki a Legas.

To, yanzu mu zo kan abin da ya hana ki barci.

Tun muna yara muke jin ayar nan ta Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf". A wurinmu kai tsoho gidan da baƙi za su kula da shi abin kunya ne babba, kuma ba na son al'adar nan ta mutu. Amma a ina al'adar ta tsiro? A babban gida mai zaure da sassa, inda akwai matan 'ya'ya, da jikoki, da maƙwabciyar da za ta leƙo, da ƙanin da zai ɗaga tsoho ya kai shi bayan gida. Mutum goma suke raba aikin da aka ɗora miki ke kaɗai, a ɗaki da falo, tare da gosulon Oshodi safe da yamma. Baban da ya hau jirgin ƙasa ya zo Agege neman halal shi ya fara fitar da ku daga wancan babban gidan, kuma bai yi laifi ba. Ke ma da kika nemi masu kula da shi, kika biya da guminki, ba ki jefar da shi ba. Wanda ya karɓi amana da kuɗi ya ci amanar, shi ne mai laifi.

Inda zan ja miki kunne wuri ɗaya ne, kuma ba don in ƙara miki ciwo ba. Ɓoyewar da kuka yi ita ta bar Baba babu ido a kansa. Da dangi da abokan kasuwarsa sun san inda yake, da wani tsoho ya biya ta can bayan Juma'a, da wata gwaggo ta kai masa kunu ranar Talata, da wani ya ɗaga rigar nan tun watanni. Masu irin waɗannan gidaje suna karantar iyali kamar yadda ɗan kasuwa yake karantar mai saye. Sun ga mutum ɗaya ke zuwa, rana ɗaya, a sa'a ɗaya. Sun ga tsoho mai Hausa wanda ciwo ya riƙe wa harshe, ba zai iya kai ƙara da Turanci ko Yarabanci ba. Sun kuma gane cewa ku kanku ba ku son a ji. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Manajar nan ba da doka take taƙama ba, da kunyarku take taƙama.

Na yi jinyar mahaifiyata shekara biyu da rabi, mu huɗu muna karɓa-karɓa, kuma duk da haka akwai daren da barci ya sace ni ban juya ta ba. Da asuba na ga dunduniyarta ta yi ja, na danna da yatsa jan bai washe ba. Na zauna a bakin gado ina kuka kamar na kashe ta. Mako uku muka yi muna sa matashi a ƙarƙashin ƙwaurinta, dunduniyar na reto a iska, kafin wurin ya koma daidai. Dare ɗaya ke nan, a hannun 'yarta. Ki auna darare nawa aka yi ba a juya Baba ba.

Yaya kuma, ki yi masa magana da ladabin da ya kamace shi, amma ki tura masa hotunan. Gani ya kori ji. Mutum yana Kaduna yana cewa a bar wa Allah, bai shaƙi warin ɗakin ba. Sannan ki tuna masa cewa haƙƙin nan ba nasa ba ne, ba naki ba ne. Jikin Baba aka ɗaure. Yafiya ta mai haƙƙi ce, kuma mai haƙƙin yana raye. Magana ta yi masa nauyi, amma wanda ya riƙe hannunki yana hawaye yana gane abin da ake ciki. In ya samu sauƙi ku tambaye shi, ko da gyaɗa kai zai amsa. Ban ga yadda za a yi ɗa ya yafe zaluncin da aka yi wa ubansa don kare sunan kansa, a kira wannan tawakkali ba.

Doka fa? Tana nan, sai dai ba a tattare take a wuri ɗaya ba, kuma ƙofofinta ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Kundin tsarin mulki a sashe na 17 ya ce a kare yara da tsofaffi daga ci da gumi da yasarwa, amma wannan yana cikin babi na 2, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye. Akwai kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a Abuja, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018, ta fara aiki a 2021. Ita tsare-tsare ne aikinta, ba ita za ta ƙwato miki haƙƙi a makon nan ba. Abin da zai yi miki aiki ya fi kusa.

Ta fuskar laifi, tsohuwar dokar manyan laifuffuka ta Kudancin Najeriya, a sashe na 300, ta ce duk wanda ya ɗauki nauyin mutumin da tsufa ko ciwo ya hana shi kula da kansa, ko da ta hanyar yarjejeniya ce, wajibi ne ya samar masa da abubuwan da rayuwa ba ta yiwuwa sai da su, kuma duk abin da ya sami rai ko lafiyar mutumin saboda gazawarsa, shi ya jawo. Sashe na 339 ya sa ɗaurin shekara uku ga wanda ya ƙi yin haka har rai ya shiga haɗari. Legas ta yi tata dokar laifuffukan a 2011, kuma wannan nauyin yana cikinta. Ɗaure mutum ba bisa ƙa'ida ba cin zarafi ne, ɗauke rediyo da carbi sata ce, komai ƙanƙantarsu. Amma ki sani, shari'ar laifi ta gwamnati ce, ke mai ƙorafi ce kuma shaida. In kika ga fayil yana neman yin barci a caji ofis, lauya zai iya rubuta wa kwamishinan 'yan sanda ko ma'aikatar shari'a a Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jihar take.

Ta fuskar diyya, ƙofa biyu ce a jere: sun saɓa yarjejeniya, domin kin biya kuɗin kulawa ba a yi ba, sannan sun yi sakaci da ya jawo rauni. Ba sai kin gano wace ma'aikaciya ce ta ƙi juya shi ba, mai gidan ne yake ɗaukar alhakin abin da ma'aikatansa suka yi a bakin aiki. Kotu tana iya ba da kuɗin asibiti da na magani, wanda sai da rasit, shi ya sa ko na auduga kada ki yar, da kuma diyyar wahala da raɗaɗi. Akwai ƙofa ta uku, ta take haƙƙin ɗan Adam, a ƙarƙashin sashe na 34 na kundin tsarin mulki da ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Dokokin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun yarda wani ya shigar a madadin wanda ba zai iya ba. Lauya ne zai duba wadda ta fi dacewa da gida mai zaman kansa. Abin da ba ya jira shi ne lokaci: ƙarar rauni saboda sakaci a Legas shekara uku take da ita, in ta wuce ƙofar ta rufe.

Takardar da kika sa wa hannu kuwa, kada ta firgita ki. Babu sa hannun da yake halatta laifi. Kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta haramta sharaɗin da ke wanke mai ba da hidima daga mummunan sakacinsa. Irin takardun nan an fi rubuta su don a kashe wa mutum gwiwa tun kafin ya ga lauya.

In kika tambaye ni ƙofar da mai irin wannan gida ya fi tsoro, ba kotu ba ce. Kotu tana ɗaukar shekaru, ya sani. Hukumar da za ta iya garƙame masa ƙofa ya fi tsoro. A Legas akwai HEFAMAA, hukumar da dokar gyaran harkar lafiya ta 2006 ta kafa don yi wa asibitoci da gidajen jinya rajista da sa musu ido, kuma tana rufe waɗanda suka saɓa. Akwai Ma'aikatar Matasa da Walwalar Jama'a a Alausa, wadda sashenta na jin daɗin jama'a yake kula da harkar gidajen marayu da na tsofaffi. Ki rubuta wa dukansu, shafi ɗaya ko biyu, ranaku da abin da aka gani, ba ado, ki haɗa hoto da rahoton likita. Ki kai da ƙafarki, zuwa da kai ya fi aike, ki sa a buga miki tambarin karɓa a kwafinki. Tambaya ta farko a takardar ita ce: gidan nan yana da rajista? Masu sa farin kaya a ciki, nas-nas ne na gaske masu lasisin majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, ko 'yan aiki ne aka ɗinka wa yunifom? Hukumar kare masu saye ta jiha, LASCOPA, da ta tarayya, FCCPC, suna karɓar koke a kan kuɗin da aka biya ba a ga aiki ba.

Kuɗin lauya kada ya tsayar da ke. Ofishin Lauyan Talakawa na Jihar Legas, OPD, tun shekarar 2000 yake aiki kyauta, hedikwatarsa tana Surulere. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. In sulhu kuke so, Cibiyar Sasanta 'Yan Ƙasa ta jiha, CMC, kyauta take zama, kuma Babbar Kotun Legas da kanta tana son a nuna an gwada sulhu kafin a shigar da ƙara. In mayar da kuɗi kawai kuke nema, ƙaramar kotun bashi da aka buɗe a 2018 tana sauraron abin da bai wuce naira miliyan 5 ba, cikin sauri, ko babu lauya. Sarkin Hausawa da limamin unguwa suna da amfani wajen raka ki da kuma daidaita ku 'yan gida, amma ba su da iko a kan mai gidan da ba ya ƙarƙashinsu, kada ki tsaya a nan.

Ra'ayina, in ni ce: asibiti gobe, koke ga HEFAMAA da ma'aikata a cikin makon, rahoto ga 'yan sanda, sannan wasiƙar lauya da ke neman fayil ɗin Baba, da kayansa, da kuɗin jinya, da janye maganar notis. Babbar ƙara kuma ku yanke shawararta bayan kun ji ta bakin likita da lauya, kun kuma bincika ko gidan yana da rajistar kamfani da abin da za a iya kamawa, domin hukunci a takarda ba ya sayen bandeji. In suka zo da tayin sulhu, za su zo, ki lura da sharaɗin yin shiru. Kuɗi suna iya rufe maganar diyya. Kada ki yarda su sayi janye kokenki daga hukuma. Ranar Laraba gado nawa kika wuce kafin ki kai na Baba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a binciken da aka yi a gidajen kula da tsofaffi, kusan biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa da bakinsu cewa sun ci zarafin wani tsoho a cikin shekara guda. Waɗancan tsofaffin da kika wuce, wataƙila 'ya'yansu suna Ingila ko Amurka suna turo kuɗi, ana tura musu hoton Lahadi.

Abu ɗaya kada ki yi: kada ki saka sunan gidan da hoton Baba a Facebook ko TikTok cikin fushi. Za ki tona suturar tsoho, ki kuma ba su damar maka ki da ƙarar ɓata suna, magana ta tashi daga kan gyambo ta koma kanki.

Saura inda Baba zai kwana bayan an sallame shi, wanda shi ne tambayar da ta kai ku can tun farko, kuma ba ta gushe ba. Wannan karon kada ki ɗauke ta ke kaɗai. Ki kira Yaya da ƙanwarku a waya ɗaya, ku sa baffa ko kawun da ake jin maganarsa, ku faɗi gaskiyar inda Baba ya yi wata bakwai. Za a yi surutu, na mako biyu ne. Ciyar da uba da jinyarsa a kan 'ya'yansa duka yake gwargwadon hali, ba a kan wadda ta fi kusa ba. Naira dubu 280 ɗin nan tana iya kama ɗaki kusa da ke a Agege, a ɗauki namiji mai jinya da rana, wani ɗan'uwa daga gida ya riƙa kwana da shi, nas ta riƙa zuwa wankin ciwo. Ko Yaya ya buɗe ɗaki a Kaduna in likita ya ce zai iya tafiyar. In kuma dole sai an sake neman wani gidan, ba haramun ba ne, amma wanda ya ce ziyara sai Lahadi ki juya tun daga bakin ƙofa. Ki nemi ganin takardar rajista, ki tambayi mutum nawa ke aikin dare a kan gado nawa, ki shiga banɗaki, ki je lokacin cin abinci, ki tambaya ko akwai namijin da zai yi masa wanka da wanda zai taimaka masa ya yi taimama.

Ko a ina ya sauka, a nemi katifar iska ta masu gyambo, ana samunta a shagunan kayan asibiti. A manna takarda a bango, duk wanda ya juya shi ya rubuta lokaci da gefen. Ƙwai, wake, kifi, madara, da ruwa a kai a kai, in likita bai hana ba, kuma a zaunar da shi sosai kafin a ba shi, saboda masu shanyewar jiki suna saurin shaƙewa. Duk wanda ya zo gaishe shi daga cikinku, ya ɗaga riga ya duba baya da dunduniya.

Gobe in za ki tafi, ki biya kasuwa ki saya masa carbi da ƙaramin rediyo, ki sa batir, ki kamo masa tashar Hausa tun a cikin mota. Ki sa carbin a hannun nan da aka ɗaure. Ki rubuto mini bayan likita ya gan shi.